Walenty, Amsa-kuwwar Melchior

A garinmu, idan ka ce wa Walenty mai haɗa gangunan gishiri, "Yau ana sanyi," zai ɗago kai daga kan katakonsa ya ce, "Ana sanyi." Idan wani ya biyo bayanka ya ce masa ai sanyin ya sauka, shi ma zai samu nasa rabon: "Ya sauka." Kada wani ya ce munafunci ne ko wauta. Mutumin dai bai taɓa fara magana ba ne tun da aka haife shi, kuma bai ga abin da hakan ya rage masa ba.

Ko aurensa ma Apolonia ce ta yanke. Ta gaji da ganinsa yana sintiri a ƙofar gidan ubanta da hula a hannu, sai ta tare shi ran kasuwa ta ce, "To, Walek, bayan girbi za a yi bikin ko sai baɗi?"

Ya ce, "Sai baɗi."

Ta kalle shi sama da ƙasa. Can ta ce, "A'a, ni ce ban jera ta daidai ba. Sai baɗi ko bayan girbi?"

"Bayan girbi."

Tun daga ranar ta gano kan mijinta: duk abin da take so, sai ta ajiye shi a ƙarshen magana. Da haka ta riƙe gida, ta aurar da 'ya'ya mata uku, ba a taɓa jin kansu ba.

Irin wannan hali a wani gari da ya zama abin tausayi. A wurinmu kuwa sana'a ya zama. Bayan sojojin Sweden sun fice sun bar mana coci ba rufi, aka gyara shi, shugaban mawaƙa na lokacin, Pan Serafin (Pan laƙabin girmamawa ne a wurinmu), ya dawo daga birnin Kraków kansa cike da yayin Italiyawa. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne amsa-kuwwa. Mai babbar murya zai tsaya a benen mawaƙa kusa da ogan, babban abin kiɗan coci, ya ja baiti. In ya dire, sai wata ƙaramar murya daga can ɗaya ƙarshen cocin, cikin wani loko da aka haƙa a bango saman bagade, ta maido wutsiyar baitin a hankali, jama'a su rasa daga ina ta fito. Babbar muryar ba ta yi wuyar samu ba. Melchior ɗan mai niƙa yana nan, saurayin da in ya kira kare a bakin rafi sai karnukan ƙauye biyu su taho. Ƙaramar ce ta ba da wahala, don duk wanda aka sa a lokon sai ya so a san shi ma yana da maƙogwaro. Wata rana Pan Serafin ya je sayen ganga, ya yi ciniki da Walenty, ya ji yadda farashinsa ke dawo masa da irin sautin da ya faɗe shi. Ya manta da gangar, ya ja yaron zuwa coci.

"Saurara, ɗana," in ji shi, a gindin matakalar lokon. "Daga yau kai ba mawaƙi ba ne, bango ne. Bango ba ya farawa, ba ya gyarawa, ba ya ƙarawa. Abin da aka jefo maka shi za ka mayar. Ka ji?"

"Na ji," in ji Walenty, wanda a wurinsa doguwar magana ce.

Ya kuwa ji, har ya wuce yadda aka so. Ranar bikin waliyyin cocinmu, jama'a cike har waje, mai ƙasa da iyalinsa a gaba, hayaƙin turare ya haura bene ya shiga hancin Melchior daidai ƙarshen baiti. Ya saki atishawa da ta girgiza tagogi. Aka yi tsit. Sai ga wata 'yar atishawa mai ladabi ta sauko daga saman bagade. Fada, limamin cocin, ya ciji leɓe ya juya wa jama'a baya, tsofaffin mata suka shiga yin alamar gicciye. Pan Serafin ya sauko da niyyar fasa kan wani, amma kafin ya kai matakala ya tuna wanda ya kafa dokar, sai ya zauna a kan benci ya yi dariya har da hawaye. Har yau in yaro ya yi atishawa sau biyu a garinmu, cewa ake yi Walenty ya amsa.

Haka suka rayu, ɗaya a sarari, ɗaya a bango. Melchior ne ya riƙe 'yar farin Walenty ranar baftisma, don haka kum suke kiran juna, kuma a wurinmu rabuwa da kum ya fi rabuwa da ɗan'uwa wuya. Amma kum ɗin bai hana Melchior baki ba. A gidan giya zai dafa kafaɗar Walenty ya ce, "Kun ga wannan? Ragowata yake ci. Ni na ci kaza, shi ya tsotsi ƙashi." A yi dariya, Walenty ya ce, "Ƙashi," a ƙara wata dariyar. Ni kam abin yana ba ni haushi, don wanda yake faɗar haka duk Lahadi a teburin Apolonia yake cin kazar gaske. Matar Melchior ta rasu da wuri, annoba ta ɗauke ɗansu guda, bai sake aure ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne muryarsa da ɗaki ɗaya a gidan mawaƙa, mai murhun tangaran da yake yabo kamar shi ya gina. Ɗakin kuwa ba na mutum ba ne, na murya ne. Ranar da murya ta tafi, mai ita ya naɗe tabarmarsa ya koma gidan gajiyayyu na ƙofar coci, inda tsofaffi ke zama a layi suna yi wa masu wucewa addu'a don ɓallin burodi.

Walenty bai taɓa jin zafin tsokanar ba. Yana son mutumin, so na gaske, irin wanda ba ya neman a gode masa. A lokonsa ba ya ganin kowa, babu taga sai 'yan ramuka a allon katako, amma ginin cocin yana kawo masa duk abin da ya fito daga benen mawaƙa kai tsaye cikin kunne. Ya san Melchior ta numfashi. Ya san ranar da ya kwana da giya, ya san ranar da ya je kabarin matarsa kafin ya zo.

Saboda haka shi ya fara ji. Shekaru sun tura, Pan Serafin ya daɗe a ƙasa, furfura ta cinye kawunan kum biyu. Wata Lahadi Melchior ya haura sama da baiti, muryar ta ɗan tsage a can ƙoli, tsagewar da ba kowa zai kama ba. Walenty ya kama. Ya tsaya a duhu yana lissafi. In ya maido baitin lafiya lau, kowa zai ji bambanci, ya san wane ne ya yi kuskure. Sai ya tuna cewa bango ba ya gyarawa. Ya maido shi da tsagewar, a daidai gurbinta.

Abin dariyar shi ne abin ya karɓu. Kuskuren da aka yi sau biyu iri ɗaya, mutane sukan ɗauka haka aka rubuta shi. Matar mai ƙasa, wadda ta taɓa zuwa Warszawa, babban birni, sau ɗaya ba ta kuma bari an manta ba, ta share hawaye ta sanar cewa haka Italiyawa ke yi yanzu, kukan murya ake kiransa. Nan da nan matan gari suka koyi yin kuka a wurin. Tsagewa ta zama rawar murya, rawar murya ta zama yankewar numfashi a tsakiyar kalma, Walenty yana biye, yana maido kowace ɓaraka da aminci kamar mai mayar da bashin gishiri.

Mutum ɗaya ne bai ruɗu ba, sabon shugaban mawaƙa, Pan Florian. Ba mugu ba ne, kunne gare shi kawai. A farkon azumi ya zo rumfar Walenty, ya zauna a kan wata ganga, ya daɗe yana juya hularsa.

"Pan Walenty, ni da kai mun san ba Italiya a cikin maganar nan."

"Maganar nan," in ji Walenty, idonsa a kan guduma.

"Ina rufe shi da ogan iya yina. Amma Babbar Juma'a tana tafe, ka san ba ogan, ba ƙararrawa, ba abin da mutum zai ɓuya a bayansa. Waƙar makoki a bakin kabarin Ubangiji tasa ce shi kaɗai, sai kai. In ya fita lafiya, na ba shi wata shekara. In bai fita ba, bayan Ista Fada zai nemi ɗakin. Ba ni na kafa dokar ba." Ya miƙe, ya sa hula. "Kai kum ɗinsa ne. Ka gaya masa ya sauka da mutuncinsa kafin a sauke shi."

Wato an ɗora wa mutumin da bai taɓa fara magana ba nauyin fara wadda ta fi kowace wuya.

Azumin ya ƙara dagula lamarin. Maganin maƙogwaron Melchior tun yana saurayi shi ne giya mai ɗumi da gwaiduwar ƙwai da ɗan man shanu, ga shi ƙwai da man shanu sun haramta har Ista. Apolonia ta je ta sami Fada, ta dawo da labari mai daɗi. Ranar Lahadi, ana zaune a kan miyar żur mai tsami da kifin gishiri, ta ce, "Kum, Fada ya ce mara lafiya na iya shan ƙwai, ba zunubi."

Melchior ya ajiye cokali. "Mara lafiya? Wane ne mara lafiya a ɗakin nan? In akwai, ga shi nan zaune." Ya nuna Walenty da ƙashin kifi. "Ba ki ji shi ɗazu ba? Murya na rawa kamar ƙafar tsohon tebur. In jefa masa baiti garau, ya dawo min da shi a karye. Wallahi tsufa ya kama mijinki, Apolonia. Ni ne nake ta rufa masa asiri."

"Asiri," in ji Walenty.

Apolonia ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da kwano ya motsa. Melchior fa da gaske yake. Mutum ba ya jin muryarsa yadda take fita, abin da ya dawo masa daga bango shi yake ji, kuma shi ya ɗora wa laifi. Ya ƙara miya, ya ba Walenty shawarar ya riƙa ɗaure wuya da ƙyalle, ya tafi yana tausaya masa.

Ƙofa na rufuwa Apolonia ta juyo. "Kai dai an yi gunki! Ya zauna a teburina, ya sha miyata, ya ce kai ne ka lalace, kana wani asiri? Gidan gajiyayyu fa za su kai shi, Walek. Wannan mai girman kan ba zai yi sanyi ɗaya a can ba, baƙin ciki zai kashe shi kafin tari. Rayuwata duka ina jera maka magana kana ɗaukar ta ƙarshe. Wannan karon ba ni da abin jerawa. Ko ka buɗe baki, ko ka yi shiru."

Ta ji abin da ta ajiye a ƙarshe, ta dafe kai. Walenty kuwa ya yi shiru.

Ya gwada, kada a zalunce shi. Sau da yawa ya je har ƙofar gidan mawaƙa, ya tsaya da hula a hannu kamar zamanin neman aure, Melchior ya leƙo ya ce, "Me ya faru, kum, ka zo aron murya?" Shi kuma ya ce, "Murya," ya juya gida. Makonnin azumi suka shuɗe a haka.

Babbar Juma'a ta zo da yayyafi. Tun Alhamis ƙararrawa ta yi shiru, da katako ake kiran jama'a. An tuɓe bagade, an rufe ogan, an shirya kabarin Ubangiji a gefe da kyandirori, mazan gari na gadinsa da tsofaffin takubban kakanninsu. Da la'asar coci ya cika da warin jiƙaƙƙun riguna. Walenty ya hau lokonsa, ya jingina goshi da bango inda ya saba.

Mawaƙa suka yi nasu ɓangaren, muryoyi huɗu suna shiga juna suna fita, suka sauka a hankali suka bar fili. Filin Melchior ne. Walenty ya ji ya ja numfashi. Ya ji wani abu ya fito kamar an ja buhu a ƙasa, ya tsaya. Ya ji numfashi na biyu, gajere, irin na wanda ya tsorata. Daga nan babu komai.

Shiru a coci ranar Babbar Juma'a ba baƙon abu ba ne, don haka da farko ba wanda ya motsa. Amma shirun ya yi tsawo. Wani ya yi tari. Benci ya yi ƙara, alamar an fara waiwaye. Walenty ya ji katakon bene ya motsa a ƙarƙashin ƙafar Pan Florian, ya san yanzu zai ɗaga hannu ya tsallake baitin, kuma in hannun nan ya ɗagu, ɗakin ya tafi. Ya jira a jefo masa wani abu, ko tari ne, ko nishi, ya mayar. Ba a jefo ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Bango ba ya farawa. Da wannan ya rayu, da shi ya yi aure, da shi ya tsufa.

Ya buɗe baki ya fara.

Bai taɓa rera kan baitin ba, wutsiya kawai ya sani a bakinsa, amma kan ya bi ta kunnensa shekara da shekaru, yana nan a ajiye. Muryar ta fito ƙarama, tana rawa, kuma wannan karon rawar tasa ce. Ta sauko daga saman bagade a kan kawunan mutanen da suka juya baya suna kallon bene, suka sake juyowa a rikice. Ya kai ƙarshen baitin ya tsaya, don a nan kullum ake tsayawa a bar wa amsa wuri. Sai da ya tsaya ya tuna cewa mai amsawar shi ne, kuma ga shi a nan.

Sai daga benen mawaƙa wata murya ta taso, siririya, a dushe, da ƙyar take kai wa tsakiyar coci. Ta maido wutsiyar baitin. Abin da ya rage a maƙogwaron Melchior bai isa kira ba, amma ya isa amsa, har ya yi mata daidai kamar don ita aka rage shi. Walenty ya ja baiti na biyu, aka amsa. Haka suka kai waƙar ƙarshe a juye, kuma matan da suka yi shekaru suna kukan yayi, ranar sun yi na gaskiya. Matar mai ƙasa ta ce ta taɓa jin irinsa a Warszawa.

Pan Florian bai ja magana ba. A gindin bene ya ce, "Waƙar murya biyu take so, mai kira da mai amsa. Na ji biyu. Wanda ke rera waƙa a cocin nan ɗakinsa na nan." Ya dubi Melchior. "Amma amsa daga bango take fitowa, Pan Melchior. Daga Ista kai ne a loko, shi a bene."

"Ni? A rami?" Melchior ya so ya yi tsawa, abin da ya fito bai fi raɗa ba. "Azumi ne kawai. Ku ba ni ƙwai biyu ku gani."

Walenty kuwa jin za a tsayar da shi a gaban jama'a ya sa ya nemi benci ya zauna.

Washegari da hantsi, mata na shigowa da kwandunan ƙwai da burodi don a sa musu albarka, kum biyu suka zo gwaji. Melchior ya hau matakalar yana mita, kafaɗunsa na gogar bango hagu da dama. Bai taɓa hawa ba, ko sau ɗaya, a duk tsawon zamansu. Ya tarar da wuri mai duhu da mutum ba ya iya miƙewa sosai a ciki, sanyi na fitowa daga dutse yana shiga ƙashi. Ya lalubi bango, hannunsa ya faɗa wani ɗan gurbi mai santsi, daidai tsayin goshin Walenty.

A can bene Walenty ya tsaya a gurbin Melchior. Bai rera komai ba tukuna. Ya haɗiye yawu, ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi. Melchior ya ji haɗiyar yawun. Ya ji ƙarar takalmin. Ya ji numfashin tun daga farkonsa har inda ya ɗan sarƙe, kamar a cikin kunnensa ake yi. Sannan baitin ya zo, ƙarami amma garau, babu tsagewa ko ɗaya a cikinsa.

Walenty ya jira amsa, ba ta zo ba. Ya jira har ya damu, ya sauko ya ratsa cocin, ya tarar da Melchior zaune a matakalar ƙarshe yana murza ido, wai ƙura ce.

"Komai ake ji a can," in ji Melchior, bai ɗago ba. "Komai. Karyewar nan da nake ta yi maka gori a kanta, a gaban matarka, a gidan giya. Ba taka ba ce."

Walenty ya tsaya da hula a hannu. Kalmar ƙarshe tana nan a ajiye, ɗauka kawai zai yi kamar kullum. Bai ɗauka ba. Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce, "Kum, ka riƙa zuwa da bargo. Bangon akwai sanyi."

Melchior ya ɗago, ya buɗe baki zai mayar da baƙar magana yadda ya saba. Ya dubi tsohon da ke gabansa, mai ɗan tabo a goshi da bai taɓa tambayar dalilinsa ba.

"Akwai sanyi," in ji shi.